Tsohuwar kwamfuta a Garwa: wadda za ta gyaru, da wadda za ta ci maka kuɗi

Da wuya mako ya wuce wani bai shigo shagona da tambaya ɗaya ba: "Malam, wace tsohuwar kwamfuta zan saya?" Wani ɗalibi ne mai shirin tafiya jami'a a Marwa ko Ngaundare. Wani mai shagon buga takardu ne da tsohuwar firintarsa ba ta jituwa da komai sai Windows XP. Wani kuma mai gyaran waya ne da ke neman injin da tsofaffin manhajojinsa za su hau. Dukkansu abin da suke fara tambaya shi ne gudu da girman diski. Ni kuwa abin da nake fara dubawa daban ne: idan ta lalace, za ta buɗu? Za a samu kayanta? Za ta jure watan Maris da Afrilu na garin nan namu na arewacin Kamaru, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan ta gama shaƙar ƙurar hunturu wata uku?

Da wannan ma'auni, ba na ɓoye zaɓina: laftaf ɗin ThinkPad baƙa, daga samfurin T60 zuwa T420. Kamfanin IBM ne ya faro ta, ya sayar da sashen kwamfutocinsa ga Lenovo a 2005, shi ya sa za ka ga T60 ta 2006 da tambarin IBM alhali Lenovo ne ya ƙera ta. Ba ta da kyan gani, kamar akwatin ƙarfen malamin makaranta take, amma juya ta ka duba cikinta. A T60 kusa da ramukan sukuru akwai ƙananan zane da ke nuna maka wanda ke riƙe da madannai da wanda ke riƙe da wurin ɗora hannu. Diski kuwa sukuru ɗaya ne a gefe, ka kwance ka zaro shi kamar aljihun tebur. Kamfanin ya wallafa littafin gyaran kowane samfuri kyauta a intanet, da zanen kowane mataki da lambar kowane ɓangare. Yaron shagona da wannan littafi ya koyi sauya fanka tun bai iya riƙe dalma ba.

Akwai firam na maganiziyam a cikinta da ke hana faifan ciki lanƙwashewa, faifan nan shi ne mu a nan muke ce wa katmer, 'yan Najeriya kuma su ce bod. Maƙalan murfinta na ƙarfe ne. A ƙarƙashin madannai akwai 'yan hanyoyin da ruwa ke bi ya fita ta ƙasa idan shayi ya zube, ko da yake wannan ba lasisin shan shayi a kanta ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne tana faɗa maka ciwonta. In fanka ta tsaya, tana rubuta maka a allo tun wajen kunnawa, ta ƙi tashi, maimakon ta yi shiru ta dafa kanta. In ta yi ƙara ɗaya, uku, uku, ɗaya, fara da ram, wato ƙwaƙwalwar aikin injin: zaro shi, goge haƙoransa da abin goge fensir, mayar da shi. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

A cikin dangin, T60 ta tsufa sosai. Ram ɗinta tsohon nau'i ne, DDR2, kuma ba ta ganin fiye da giga 3 ko ka cika ta. Fitilar allonta irin ta da ce, in ka ga allon ya fara da ja-ja kafin ya yi fari, fitilar ta kusa mutuwa. Ta dace da mai tsohuwar firinta kawai. T400 ta 2008 ta fi ta, tana ɗaukar DDR3 har giga 8. Wadda nake cewa a saya in aljihu ya kai ita ce T420 ta 2011: furosesa (wato kwanyar injin) Core i5 zubi na biyu, ram har giga 16, in ka sa mata SSD, wato sabon nau'in diski mai sauri, sai ka rantse ba ita ba ce. Kana iya zare wurin faifan CD ka sa diski na biyu a gurbinsa. Caja ɗaya mai zagayayyen baki, bolt 20, tana yi wa dukkansu aiki. A T420 nake tsayawa, domin T430 da ta biyo baya tana tantance batir, ta ƙi cajin wanda ba ta yarda da shi ba, mu kuwa a nan batirin asali sai an tona.

Sauran fa? Dell Latitude ba laifi, tana da ƙwari, sai dai tsirfar caja: akwai siririn tsinke a tsakiyar bakin cajar da injin ke gane ta da shi, in bai gane ta ba zai kunnu amma batir ba zai hau ba. HP Pavilion dv2000, dv6000 da dv9000, masu sheƙi kamar madubi, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Ƙananan laftaf ɗin nan masu furosesa Atom da aka yi yayinsu wajen 2009, na yara ne. Ta tebur kuwa, Dell OptiPlex 755 zuwa 780 suna da sauƙin gyara da arhar kaya, amma da an ɗauke wuta aikinka ya tafi, sai ka haɗa da akwatin ajiyar wuta. OptiPlex GX270 da GX280 kuwa sun fito a zamanin da aka yi annobar kondansa marasa kyau, wato 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan katmer, daga wajen 1999 zuwa 2007. Buɗe murfin ka haska tocila: kan kondansa lafiyayye a shafe yake, wanda ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya gama. Ana sauya su da dalma, na sha yi, amma a rage maka kuɗi. Kuma duk ta tebur da ta fito daga Amurka, duba bayanta kafin ka jona. In akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230, domin wutarmu 220 ce. In ka manta, ƙara ɗaya za ka ji da warin hayaƙi.

Dalilin da na ce a guji waɗancan HP masu sheƙi sananne ne. A 2008 kamfanin Nvidia ya amsa cewa wasu guntayen hoto da ya yi wa laftaf suna da matsala: zafi da sanyi na yau da gobe suna tsinka haɗin da ke cikinsu. Abin ya shafi injuna da yawa na 2006 zuwa 2008, har da Latitude D630 mai Nvidia, har da T61 mai Nvidia, don kada a ce na rufa wa tawa asiri. Na wancan zamani, nemi mai guntun hoto na Intel.

A nan ne mugunta take, kuma a nan aka taɓa ƙona ni. Shekarun baya, ina sabon shiga, wani mai kawo kayan gwanjo ya miƙo mini wata laftaf tsaf-tsaf. Ba zan kira sunan kamfaninta ba, tunda ba su suka cuce ni ba. Na kunna, ta tashi garau. Na ce, "Alhaji, ba ta da wata matsala?" Ya ce, "Haba ɗan'uwa, daga jirgi sai hannunka." Na biya, na sayar wa wata malamar makaranta da ta yi wata da watanni tana adashi. Kwana 19 ta dawo da ita, allo baƙi ƙirin, fitilu na ci, fanka na juyawa. Da na kwance ta sai na ga gefen guntun hoton ya yi launin toka-toka, ga busasshen man dalma ya malala, robar da ke kusa ta ɗan narke. An hura masa wuta da bulowar masu gyaran waya. Wannan dabara tana tayar da mataccen guntu na 'yan kwanaki ko makonni, daidai lokacin da mai kaya zai karɓi kuɗinsa ya hau mota. Na mayar wa Malama kuɗinta daga aljihuna, kuma har yau in na tuna yadda ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa "Malam, jarabawar yara na ciki," sai raina ya ɓaci.

Tun daga ranar ba na sayen inji a tsaye. Zama nake yi, in kunna bidiyo, in bar shi ya yi rabin sa'a yana aiki a kan benci ba fanka a kansa, in kashe, in sake kunnawa yana da zafi. In layuka suka fito a allo ko hoto ya rabu gida-gida, na tashi. Ina duba kawunan sukuru: in sun cinye, an sha shiga ciki. Mai kayan da ya ce sauri yake yi, ko ya ajiye injin a gaban fanka yana hana ka ɗagawa, ka gaishe shi ka wuce.

Sai sitika. Ana sayar da sitikar Core i5 da i7 kamar alewa, a manna wa injin da ke da tsohuwar furosesa Core 2 Duo. Kada ka yarda da abin da Windows ya nuna ma, ana iya sauya rubutun. Shiga BIOS da kanka, wato shafin saitunan injin da ake shiga tun wajen kunnawa: F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In ta nemi kalmar sirri mai kayan ya ce "cire ƙaramin batir kawai za ka yi," ba gaskiya ba ne a ThinkPad. Kalmar sirrin mai kula tana zaune a wani guntu daban, cire batir ba ya goge ta, kuma inji mai kulle yakan zama na sata. Shi ƙaramin batirin, CR2032 mai bolt 3, aikinsa riƙe agogo da saituna. In kwanan wata na komawa baya kullum, shi ne ya mutu, gyaran ba tsada, kada wani ya ce maka katmer ce.

Diski ma ana wasa da shi. Ka tafi da filashi mai manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka sa'o'in da diskin ya yi yana aiki da ko ya fara rauni. SSD marar suna mai arhar banza, gwada shi da manhajar H2testw, domin akwai waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, sai ka cika su takardunka su lalace. Caja kuwa ɗaga ta a tafin hannu. Ta asali tana da nauyi, ta jabu kamar fanko, tana zafi, tana sa kibiyar allo rawa, kuma ita ce ke kashe katmer a ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Gara tsohuwar caja ta asali mai tabo da sabuwa fil a leda.

Ka kuma dubi madannai kafin ka biya. Kayan da suka biyo ta Duwala daga Faransa ko Beljiyam yawanci AZERTY ne, masu haruffan Faransanci. Na Kano da Mubi QWERTY ne. Mai buga takardun ofis da Faransanci zai sha wahala da na biyun, kuma sitikar da ake mannawa a kan maɓallai ba ta kai damina. A ThinkPad sauya madannan gaba ɗaya aikin minti goma ne.

In ka kai ta gida, kafin komai a buɗe a share ƙurar da ta toshe bakin fanka, a goge busasshen man kan furosesa a shafa sabo, a kuma maimaita duk bayan hunturu. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. Mai XP ya tuna Microsoft ya daina kula da shi tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020, saboda haka a bar su wajen firinta da buga takardu, kada a shiga asusun kuɗi da su. Ɗalibin da zai hau intanet da T420, ina sa masa Linux Mint a maimakon Windows, in ce ya dawo bayan sati biyu mu ga yadda fankar ke numfashi.