Wata uku ina gwajin Turanci da manhajar waya: ga abin da na gani

Sai da na shekara tara da gama sakandare sannan na yi niyyar komawa karatu. Sakamakon WAEC ɗina ba laifi, in ban da Turanci da na samu D7, kuma kowa ya san jami'a ba ta duban mutum in bai da aƙalla C6 a wannan darasi. Sai ya zama jarrabawa biyu ce a gabana: in sake zama don gyara Turancin, sannan in rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Ni kuwa tela ne, tun safe har magariba ina kan keke, babu sararin zuwa lesin. Ƙanwata da ke ajin ƙarshe ce ta ce mini, "Yaya, ka sauke manhajar nan a wayarka mana, duk 'yan ajinmu da ita suke gwaji." Na sauke, na biya N3,500 aka buɗe mini ita gaba ɗaya, na kuma yi wata uku cur kusan kullum sai na taɓa ta. Sharhin nan a kan sashen Turanci kaɗai yake, musamman tambayoyin cike gurbi da gyaran jimla.

In fara da alherinta, don tana da shi. Ba ta cin data bayan an sauke ta, ko babu sabis tana aiki. Babban abin da ta yi mini shi ne ta koya mini gudu. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Ranar da na fara gwadawa, Turanci kaɗai ya cinye mini minti 55. Agogon da ke gudu a saman fuskar wayar ya yi ta ɗaga mini hankali, amma kafin wata biyu na dawo ina gamawa cikin rabin awa. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma wanda bai saba karanta tambaya a kan gilashi ba, wannan sabon da manhajar ke bayarwa ya isa ya biya kuɗinta. Ta kuma rarraba tambayoyin gida-gida, kana iya zaɓar ɓangaren da ke ba ka wuya ka yi ta maimaitawa.

Inda ta gaza kuwa shi ne bayani, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Ka faɗi tambaya, ka danna wurin da aka rubuta bayani, sai ka tarar da layi ɗaya: amsar ita ce B. Me ya sa B? Shiru. Wani lokaci ta kawo sunan dokar da Turancin da ya fi na tambayar tsauri.

Akwai wata jimla da ta kayar da ni sau uku a mako ɗaya: "The principal, together with the teachers, ___ arrived." Kullum have nake zaɓa, kullum ta ce has. Na ƙirga mutanen, shugaba ga malamai, ai sun fi ɗaya. Da abin ya ishe ni, wata rana bayan la'asar na ɗauki wayar na tafi wurin wani dattijo a layinmu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda ni nake ɗinka masa kayan salla. Na same shi a kan tabarma a zaure, rediyo a gefensa. Na gaishe shi na miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau ya karanta, bai ce mini komai a kan dokar ba, sai cewa ya yi, "Ɗana, faɗa mini wannan jimlar da Hausa."

Na ce, "Shugaban makaranta tare da malamai sun iso."

Ya ce, "Sake faɗin kalmar kusa da ƙarshe."

"Sun."

"To ka ga inda aka kama ka. Hausarka daidai take, mu sun muke cewa. Shi Bature in ya ce together with ko as well as, abin da ya biyo baya ɗan rakiya ne, ba a ƙirga shi. Rufe shi da yatsa ka karanta."

Na ɗora babban yatsana a kan kalmomin da ke tsakanin waƙafi biyun, sai ga "The principal has arrived" tsaye sarai. Tun daga ranar ban sake faɗuwa irin wannan tambayar ba. Abin da manhaja ta kasa cikin mako guda, Malam ya warware shi kafin a kira magariba.

Daga nan na sayi littafin rubutu mai shafi 60. Duk tambayar da na faɗi sai in kwafe ta, in rubuta Hausarta a ƙasa, ranar Juma'a da yamma in kai wa Malam. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda yawancin kurakuraina ba na rashin sani ba ne, Hausa ce ke magana daga ƙarƙashin Turancin. Mu muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki, don haka hannuna ke kaiwa ga advices da informations da luggages, alhali advice, information, luggage, furniture da equipment ba sa ɗaukar s a ma'anarsu ta yau da kullum. Muna cewa "mun tattauna a kan batun", sai in zaɓi discuss about, alhali discuss ba ta son rakiyar about. Muna cewa "ara mini biro", muna cewa "na ari biro", tushe ɗaya, shi kuwa Turanci ya raba: mai bayarwa lend, mai karɓa borrow, saboda haka "borrow me your pen" da muka tashi muna ji a aji kuskure ne a takardar jarrabawa. Kalmar ji kaɗai ta isa darasi: muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Turanci, su kuwa hear, smell, feel da understand kowace da gidanta.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne ɗan guntun tambayar da ake liƙawa a ƙarshen jimla. A Hausa "ko ba haka ba?" ta ishe ka ko'ina, shi ya sa da yawanmu isn't it muke sawa a bayan komai. A Turanci sai ka koma ka dubi aikatau ɗin farko: "She came yesterday, didn't she?", "They have eaten, haven't they?" In jimlar kuma tana ɗauke da hardly ko seldom ko never, an riga an kore ta, guntun ba ya ɗaukar not: "He seldom visits us, does he?" Manhajar tana da tambayoyi irin wannan masu yawa, amma ko sau ɗaya ba ta ce mini seldom korewa ce ba. Malam ne ya ce in fassara, na ce "ba kasafai yake ziyartar mu ba", na ji ba ɗin da kunnena.

Ba komai ne Hausa ke bayyanawa ba, gaskiya. Ƙananan kalmomi irin su congratulate on, prefer to, comply with, ko "look forward to seeing you", ko "it is high time we left", waɗannan hadda ce kawai, kuma a nan maimaicin manhajar ya yi amfani ƙwarai.

Sai abin da ya fi ɓata mini rai: amsoshin da ba daidai ba. A tambayar "Neither the driver nor the passengers ___ injured" ta ce was. Dokar kuwa ita ce aikatau ya bi sunan da ya fi kusa da shi, passengers jam'i ne, amsar were ce. A wani gwajin, jimla mai irin wannan gini, manhajar da kanta ta bi dokar daidai. Na tara irin waɗannan guda bakwai a littafina, duk Malam ya duba ya tabbatar. Na aika wa masu manhajar ta wurin da suka tanada don ƙorafi, har na gama jarrabawa ba amsa, ba gyara. Ni ina da wanda zan tambaya. Yarinyar da ke ƙauye da waya ɗaya a gidansu, wadda ta yarda duk abin da manhaja ta faɗa gaskiya ne, haka za ta haddace kuskure ta shiga ɗakin jarrabawa da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma kuɗi aka biya.

Akwai kuma wani sashe na ƙari mai dogayen jimloli da aka ja wa layi, da zaɓi biyar, A zuwa E. Salon GMAT ne, jarrabawar da ake yi don shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, musamman a Amurka, wadda ita kanta ta cire irin waɗannan tambayoyi a sabon tsarinta na ƙarshen 2023. JAMB zaɓi huɗu take bayarwa, jimlolinta kuma ba su kai haka tsawo ba. Na ɓata kwana biyar a nan. Abu ɗaya na tsinta: in jimla ta fara da "Walking to the market," dole wanda ke tafiyar ya biyo baya nan take, ba wani abu dabam kamar ruwan sama ba. Ɗan JAMB ya tsallake sashen nan.

Na samu C5 a Turancin da na sake zama, kuma a JAMB na gama tambayoyin Turanci da sauran lokaci a hannuna. Saurin na manhaja ne, fahimtar kuwa a zauren Malam na same ta. Wanda zai saya ya saya don sabo da agogo da yawan tambayoyi, amma duk amsar da ta ba shi wadda ransa bai kwanta da ita ba, ya rubuta ya kai wa malamin da ya iya harsunan biyu. Su kuma masu manhajar, roƙona biyu ne: su gyara amsoshin nan bakwai, su kuma nemi malaman Turanci Hausawa su naɗi bayanin minti ɗaya da murya a ƙarƙashin kowace doka. Ko da za su ƙara kuɗi a kan haka, ni zan biya wa ƙanwata. Littafin rubutun yana hannunta yanzu, ranar Juma'ar da ta wuce ma ni na raka ta wurin Malam da sabbin jimloli goma sha ɗaya.