Karatun likita a waje: auna kanka kafin ka zaɓi ƙasa

Ɗalibi ya fito da sakamako mai kyau a bayoloji da kimistiri da fizis, gida ya ɗauki murna, sai a shiga lissafin ƙasar da za a tura shi karatun likita. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Sakamakon sakandare, komai kyansa, a mafi yawan ƙasashe izinin shiga layi ne kawai. Abin da zai nuna maka ko kana da ƙarfin gogayya shi ne jarrabawar da ƙasar take tace mutane da ita, da yawan guraben da ta ware wa baƙi, da kuɗin da za su kai ka har ƙarshen karatu. Zancen gurabe shi aka fi mantawa da shi. Takararka da sauran baƙi ce daga ko'ina a duniya, a kan ɗan kason da aka yanka muku, kuma sau da yawa kason bai taka kara ya karya ba.

Amurka ka cire ta daga lissafi in daga sakandare ka fito. Can ba a shiga likitanci sai da digiri na farko, sannan jarrabawar MCAT mai maki daga 472 zuwa 528, wadda takan ci sa'a bakwai da 'yan kai. Makarantun da ke karɓar baƙi ba su da yawa, akasarinsu suna son ka yi darussan share fage a jami'ar Amurka ko Kanada, baƙo kuma ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya.

Ingila hanyarta a fili take, tsadarta ce ke karya mutum. Ana nema ta UCAS, wato cibiyar neman gurbin jami'o'in ƙasar, ana rufewa ranar 15 ga Oktoba, kuma makarantun likitanci huɗu kaɗai za ka iya zaɓa. Akwai jarrabawar UCAT, tunda an daina takwararta BMAT bayan 2023, ana son A-level, wato jarrabawarsu ta ƙarshen sakandare, da makin A a kusan darussa uku da kimistiri a ciki, sai ganawar baki da baki. Guraben baƙi kusan kashi 7.5 cikin 100 ne, kuɗin makaranta kuwa dubunnan fam masu yawa ne kowace shekara har shekara biyar ko shida. Mai hali ya gwada. Jamus kusan kyauta ce a jami'o'in gwamnati, amma da Jamusanci ake karatun, kuma sai harshen ya zauna a bakinka har matakin C1, wato ƙwarewa mai zurfi, kafin a saurare ka.

Ni dai in aka ce in zaɓa wa ɗalibi mai ƙwazo wanda gidansu ba su da tarin dukiya, Italiya zan nuna masa, kuma ba na ɓoye hakan. Jami'o'in gwamnati da dama, irin su Milan da Pavia da Bologna da Padua da Sapienza ta birnin Rum da Naples da Bari, suna koyar da likitanci da Turanci, shekara shida. Ƙofar shiga ɗaya ce: jarrabawar IMAT, wadda akan yi sau ɗaya a shekara wajen watan Satumba. Tambaya 60 ce cikin minti 100. Amsa daidai maki 1.5, kuskure a cire maka 0.4, wadda ka bari ba a ba ka ba a cire maka, gaba ɗaya maki 90 ke nan. A tsarin da aka koma tun 2023, lokacin da ma'aikatar jami'o'in Italiya ta karɓi shirya ta, bayoloji ke da kaso mafi tsoka da tambaya 23, kimistiri 15, fizis da lissafi 13, sauran na fahimtar rubutu ne da kaifin tunani. Babu ganawa, babu wasiƙar yabon kai, babu wanda zai sa maka baki. Makinka ne zai jera ka a inda ka dace.

Abin da ya sa nake ƙaunarta ke nan: kana zaune a ɗakinka za ka iya sanin matsayinka tun kafin a kashe maka kuɗi. Tambayoyin shekarun baya suna nan a intanet. Ka ɗauki ɗaya, ka kashe waya, ka sa agogo minti 100, ka yi ta kamar a zauren jarrabawa, sannan ka yi wa kanka maki da gaskiya har da cire 0.4 ɗin nan. Sai ka nemi makin ɗalibi na ƙarshe da aka ɗauka cikin baƙi a jami'ar da kake so, na shekaru biyu ko uku a jere, don makin yana hawa yana sauka gwargwadon wuyar jarrabawar. In kana wuce shi da tazara a gwaji bayan gwaji, ka shirya. In kana ƙasa da shi da nisa, ka ƙara shekara ka zauna da littafi, babu abin kunya a ciki. Ka kuma lura, baƙon da ke nema daga wajen Tarayyar Turai jami'a ɗaya tak yake zaɓa ta shafin Universitaly, guraben baƙi a kowace kuwa 'yan gomomi ne ko ƙasa da haka. Wanda ya zaɓi Milan don suna alhali makinsa na wata jami'ar kudu ne, ya yi asarar shekara, ko da ya fi wanda aka ɗauka a jami'ar kudun maki.

Kuɗin makaranta ana yanka shi ne gwargwadon samun iyali, bai kan wuce 'yan dubunnan yuro a shekara ba, kuma akwai tallafin karatu na yankuna da baƙo ma zai iya nema. Wahalarta ita ce sakamako kan fito a makare, biza ta ja lokaci, ana buƙatar shaidar karatun shekara 12 da tantance takardu, sannan da an shiga asibiti dole ka iya Italiyanci, don majinyaci da harshensa zai faɗa maka inda ke masa ciwo. Duk waɗannan wahalhalu ne da ake gani tun daga nesa a yi musu shiri.

Hangari, wato jami'o'in Semmelweis da Debrecen da Szeged da Pécs, shigarta ta fi sauƙi, kuɗinta da nauyi, tacewar kuma a shekarun farko ake yin ta. Masar ta koma tsarin shekara biyar da biyu na horo tun 2018, tana da majinyata da yawa na koyo, sai dai cunkoso. Sin ba a zaɓar jami'a sai wadda ke cikin jerin da ma'aikatar iliminta ta yarje wa koyarwa da Turanci. Tsibiran Karibiyan tsada ba tare da tabbas ba. Yukiren tun Fabrairun 2022 da Sudan tun Afrilun 2023 sun nuna wa kowa abin da yaƙi ke yi wa ɗalibin da ya kai tsakiyar karatu.

Akwai ma'aunin da nake ɗorawa a kan duk waɗannan, shi ne ko za ka iya nema da hannunka, ka biya jami'a kai tsaye, ba ejan a tsakani. 'Yar yayata ce ta koya mini shi. Wani ejan ya kawo mata takardar samun gurbi mai hatimi da sa hannu da tambarin jami'a, har da ranar fara karatu. Aka biya kuɗin ajiye gurbi. Da biza ta ƙi motsi sai muka sake duba takardar da kyau: adireshin imel ɗin da ke ƙasanta irin na kyauta ne da kowa ke buɗewa, asusun da aka tura kuɗin kuma sunan mutum ne a kai. Muka rubuta wa jami'ar ta adireshin da ke shafinta, amsa ta zo cikin layi biyu cewa ba su da wannan suna. Kuɗin sun tafi, shekara ta tafi, yarinyar da ke kwana da littafi ta yi watanni ba ta iya buɗe shi.

Don haka duk wanda ya ce maka gurbi tabbas ne ba jarrabawa, ko yana da mutum a ciki, ko guraben saura biyu ka biya yau, tashi ka bar wurin. Kada ka tura kuɗin makaranta asusun mutum ko na kamfanin ejan, ko da an ce za a rage maka. Kada ka bari wani ya buɗe maka imel ko shafin neman gurbi ya riƙe kalmar sirrin, domin wanda ke riƙe da ita shi jami'a ke magana da shi. Ka karanta takardar layi-layi ka ga sunan kwas ɗin. An sha kai yara da sunan likitanci, sai sun sauka su tarar ajin share fage ne ko wani fannin lafiya daban, da alkawarin za a sauya musu daga baya. Bidiyon ɗalibai masu yabon makaranta ma kada ya ruɗe ka, wasunsu ana ba su kamasho a kan kowane kai da suka kawo. Nemi ɗan aji huɗu ko biyar da kanka ka tambaye shi ko yana taɓa majinyaci, asibitin koyarwar na jami'ar ne ko na haya, da kuma ko ana ba wanda zai sauya makaranta takardar makinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Wata yaudarar ta fi wannan laushi. Za a nuna maka sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya, World Directory of Medical Schools, a ce ga shaida. Kasancewa a kundin ba amincewa ba ce, masu kundin da kansu sun faɗi haka. In kana da niyyar aiki a Amurka, ka duba ko akwai bayanin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, a shafin makarantar cikin kundin. In gida za ka koma, ka rubuta wa hukumar da ke ba likitoci lasisi a ƙasarka ka tambaya ko ta san makarantar, kuma wace jarrabawa ke jiranka, ka adana amsar a rubuce. Fasfonka da ainihin takardun sakandarenka kuwa kada su kwana a hannun ejan. Kwafi ya ishe shi. Jami'a da ofishin jakadanci ne kaɗai ke da hurumin ganin na ainihi, su ma da hannunka za ka kai ka karɓo.