Tabarau na Quest ko Ƙaramar Lasifika: Me Za Ka Saya wa Tsohon da ke Kwance a Asibiti?

Ɗakin majinyata ba ya yin shiru ko da tsakar dare. Ga ƙarar na'urori, ga takun ma'aikatan jinya, ga tarin maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so kada hayaniyar ta wuce desibel 30 (ma'aunin ƙarfin sauti) da dare, amma da wuya ka samu haka. Shi ya sa iyalai ke neman abin da zai kawo wa tsoho sautin ruwan sama ko kukan tsuntsaye har gadonsa.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne tabarau mai nutsar da mutum cikin hoto, irin Meta Quest 3 da ya fito a 2023. Tsoho zai waiga ya ga daji ko bakin teku ta kowane gefe. Sai dai nauyinsa gram 515 ne, wato rabin kilo a goshin wanda wuyansa ya raunana, kuma in yana rigingine maɗaurin baya zai riƙa danna masa ƙeya. Wasu kan yi jiri ko tashin zuciya, don haka minti 10 zuwa 15 ya isa, yana zaune, wani na gefensa. Soson da ke manne da fuska yana shan gumi, nemi murfin roba da za a goge. Tsohon da ya fara ruɗewa, bai san dare ko rana ba, kada ma a gwada masa sai likita ya amince.

Ni dai ƙaramar lasifikar da ake sakawa ƙarƙashin matashin kai na fi so. Ba ta toshe kunne, yana jin mai jinya in ta kira shi, ba ta kuma takura wa mai na'urar ƙara ji. Abin sauraro da ake cusawa cikin kunne kuwa yakan faɗo cikin zanin gado, a yi ta lalube.

Wane sauti za ka zuba, nan ake yawan kuskure. Tsufa kan fara cin siraran sautuka ne, sai kukan ƙananan tsuntsaye ya wuce bai ji ba. Zubar ruwa da igiyar teku sun fi isa kunnensa. Kafin ka biya, duba ko na'urar tana aiki ba intanet, da kuma ko tana kashe kanta in barci ya ɗauke shi.