Wasan rabon gadon da na kalla a Samaru

Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya wannan wasan kwaikwayo, a harabar wani gida a Samaru, Zariya, bayan la'asar. Labarin ba sabo ba ne: uba ya rasu, 'ya'ya suna rikici a kan gida. Yadda suka tsara wurin ne ya sa na ga kuɗin shigana bai tafi a banza ba.

Babu dandamali. Tabarmi aka shimfiɗa a kewaye, 'yan wasa a tsakiya, har kana jin numfashinsu. Bayansu an rataye wani babban ƙyalle da aka shafe da jar ƙasa, aka zana gida a kai, da zaure da dagi da zanko, irin na tsofaffin gidajen cikin birni. Da farko na ɗauka ado ne kawai. Ashe mai zanen yana tsugune a gefe da gawayi a hannu. Duk lokacin da wani magaji ya ce nan rabonsa ne, sai ya tashi ya ja baƙin layi a kan gidan. Kafin a kai rabin wasa gidan ya zama gunduwa-gunduwa. Da layin ya ratsa ɗakin tsohuwa, wata baiwar Allah kusa da ni ta kasa haƙuri, ta ce wa babban ɗan, "Haba ɗan nan, har ɗakin uwar taku?" Shi kuwa ya juyo a matsayinsa na ɗan wasa ya ce, "To Inna, ke ya za ki raba?" Nan fa wuri ya kaure, kowa da fatawarsa.

Wanda ya san Zariya ya san inda suka sha wannan nonon. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai Drama Village, fagen da Ba'amurke Steven Ehrlich ya tsara da ginin ƙasa a shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ke kafa karatun wasan kwaikwayo a can, kuma daga nan ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna wasa tare da manoma. Masu zane ma tun 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a garin nan, suna cewa a nemi salo daga gida.

Inda suka gaza: lasifikar ba ta da wani amfani a wuri ƙarami haka, sai ƙara take yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai gabatarwa. Muhawara ta yi daɗi, wani dattijo ya fara bayanin tumunin takaba, sai ya katse shi ya hau yi mana lacca a kan zumunci, abin da zanen ya riga ya faɗa. Ga shi an fara a makare, magariba ta kawo jiki, na baya ba su ga layukan ƙarshe ba.

Idan sun sake sakawa zan koma. Mai zuwa ya je da wuri ya kama tabarmar gaba, ta ɓangaren mai zanen.