Human Nature: littafin 1995 ko shirin talabijin na 2007?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce ta kalli kashi biyun nan na Doctor Who, shirin talabijin na BBC kan Dakta, baƙon halitta daga wata duniya mai yawo cikin zamani, wato Human Nature da The Family of Blood, sai ta ji an ce daga littafi aka ɗauko su. Tambayarta ita ce: labari ɗaya ne, ko akwai abin da za ta ƙaru da shi idan ta nemi littafin? 'Yar'uwa, ki nema. Ƙashin labarin ɗaya ne, amma dalilin da ya sa Dakta ya zama ɗan Adam ya sha bamban, kuma daga nan komai ya canza. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don za mu tona ƙarshe.

Paul Cornell ne ya rubuta duka biyun. Littafin ya fito a 1995 cikin jerin New Adventures na kamfanin Virgin, a shekarun da BBC ta jingine shirin, tsakanin 1989 da 2005. Dakta na bakwai ne a ciki (Dakta kan sauya jiki, sabon ɗan wasa ya karɓi matsayin, shi ya sa ake ƙirga su), wanda Sylvester McCoy ya fito a matsayinsa, tare da abokiyar tafiyarsa Bernice Summerfield, wadda ake kira Benny. Na talabijin an nuna shi a ranar 26 ga Mayu da 2 ga Yuni 2007, da David Tennant a matsayin Dakta na goma, Freema Agyeman kuma abokiyar tafiyarsa Martha Jones. A duka biyun Dakta ya manta ko shi wane ne, ya zama John Smith, malamin tarihi a makarantar kwana ta maza a Ingila, ya kuma kamu da son Joan Redfern. Littafin ya ajiye labarin a 1914, shirin kuma a 1913.

A shirin, gudu Dakta yake yi. Wasu halittu huɗu na farautarsa, ba su da tsawon rai, don haka idan ya ɓuya wata uku za su mutu da kansu. A littafin babu mai korarsa. Benny ce ke cikin jimamin rabuwa da wani da ta so a littafin da ya gabata, Sanctuary, shi kuma ya ga bai san yadda zai taya ta baƙin ciki ba, sai ya zaɓi ya ɗanɗana zama mutum. A ganinmu wannan ya fi nauyi, domin Dakta na bakwai mutum ne mai ƙulle-ƙulle, mai juya abokansa ba da saninsu ba. Ganin irinsa yana in-ina a gaban mace abu ne da Tennant ba zai iya bayarwa ba, tunda nasa Daktan dama mai fara'a ne da saurin shiga rai.

Ƙananan bambance-bambancen ba su da wuyar riƙewa. Abin da aka ɓoye ainihin Dakta a ciki agogon aljihu ne a shirin, a littafin kuwa wani ƙunshi ne mai kama da ƙwallon kurket. Yaron da abin ya faɗa hannunsa Tim Latimer ne a shirin, Timothy Dean a littafin. Joan nas ce mai kula da ɗalibai a shirin, a littafin malamar kimiyya ce. Mutum-mutumin gona masu tafiya da ƙafarsu na talabijin ne kawai. Abokan gaba a littafin su ne Aubertide, masu rikiɗa siffa, kuma ɗayansu har ya yaudari Benny da cewa shi ne Dakta na goma, shekara goma kafin a ba Tennant matsayin.

Inda shirin ya yi wa littafin fintinkau shi ne Martha. Benny ta shiga garin a matsayin 'yar ɗan'uwan Smith, tana da 'yancin yawonta. Martha kuwa baƙar fata ce, ɗalibar likitanci, amma aikin goge daɓe ta samu, ɗalibai na yi mata ba'a da launin fatarta, Joan ma ba ta yarda mace irinta za ta zama likita ba sai da ta lissafa mata ƙasusuwan hannu ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma kukan Smith lokacin da ya gane buɗe agogon nan mutuwarsa ce, da hukuncin da Dakta ya yanke wa maharan, har da yarinyar da ya kulle cikin madubi, sun fi shiga jiki idan ana gani.

Kan batun yaƙi ne suka raba hanya sosai. Littafin ya fi zubar da jini, kuma bai ɓoye fushinsa da makarantar da ke koya wa yara harbi ba. Timothy na littafin ya ƙi ɗaukar bindiga, ya shiga aikin agaji na Red Cross, da ya tsufa kuma farin fure yake maƙalawa, alamar masu ƙin yaƙi a Birtaniya. Tim na shirin ya je fagen daga, aka rufe da shi tsoho a wurin tunawa da sojoji, inda jan fure ake sawa.

Abin da ke rikita sabon mai karatu biyu ne. Na farko, Benny ba ta taɓa fitowa a talabijin ba, kuma littafin bai tsaya gabatar da ita ba. Ya isa ki san masaniyar kayan tarihi ce daga ƙarni na 26, mai son barkwanci da rubuta abin da ya same ta kullum. Na biyu, kada ki wahalar da kanki wajen haɗa labaran biyu su zama tarihi ɗaya, BBC ba ta yanke wanne ne na gaskiya ba.

Bugun Virgin na asali ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, na hannu kuma yakan yi tsada. Ki nemi wanda BBC Books ta sake bugawa a 2015, ko na sauraro da Lisa Bowerman ta karanta, ita ce muryar Benny a wasannin sauti na kamfanin Big Finish. Da Turanci yake, kuma an rubuta jerin ne don manya, saboda haka ki fara karantawa kafin ki miƙa wa ƙannenki.