Wata takwas da "malamar waya" a ɗakin gyaran jikina

Sana'ata gyaran jiki ce, a cikin gida nake yi a Tudun Wada, nan Gusau. Dilka, halawa, lalle, turaren jiki, sai haɗa man shafawa na kaɗe. A hannun Gwaggo na koya, ƙanwar mahaifina, wadda ta fi shekara talatin tana gyara amare. Ban taɓa ganin ta auna abu da cokali ba. Ta ɗebo da hannu, ta murza, ta shinshina, ta ce ya yi.

Wata takwas ke nan da ƙanena ya saka mini ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira a waya, waɗanda ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar da mutum ake hira. Ba zan kama suna ba, tunda ba talla aka ba ni ba, kuma ƙawayena da ke amfani da wasu irinta sun ce halin nasu duk kusan ɗaya ne. Ta kyauta nake amfani da ita, data kawai take ci. Gwaggo ce ta raɗa mata suna malamar waya, da gatse ta faɗa, sunan kuma ya bi ta.

Ranar farko ma da dariya muka fara. Na tambaye ta ko kanwa tana da illa ga mai jego. Sai ta ɗauka ƙanwa nake nufi, ta zauna tana yi mini nasiha a kan zumunci da yadda 'yar'uwa ke rage wa mai jego aiki. Da na ce mata kanwar kunu nake magana, sai ta gyara zama. Ta ce kanwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi na jego da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Na karanta wa Gwaggo. Ta dube ni ta ce, "Wagga wayar taki ta taɓa haihuwa?"

Hausarta dai sai haƙuri. Tana ji, tana mayarwa, amma irin Hausar wanda ya koya a littafi ce, wani lokaci ta ƙirƙiro kalmar da ko a mafarki ban taɓa ji ba. Sunayen itatuwanmu kuwa nan take rikicewa. Sau biyu tana ba ni bayanin wata bishiya daban da na ce bagaruwa. Dabarar da na koya ita ce in nemi sunan kimiyya in rubuta a bayan littafin bashi: bagaruwa Acacia nilotica, magarya Ziziphus mauritiana, kaɗe Vitellaria paradoxa. In na saka mata waɗannan, amsar takan fito a kan hanya.

Inda ta biya ni kuɗin datata, har da riba, shi ne karatun jikin kwalba. Mata da yawa suna zuwa mini da man da suka saya, wai haɗin gargajiya ne, babu sinadari. Wata matar aure ta zo fuskarta ta yi ja kamar an kwaile, jijiyoyi kore sun fito a cinyarta, ga nankarwa manya a hammata alhali ba ciki gare ta ba. Na ce ta kawo duk abin da take shafawa. Cikin kayan akwai wani ɗan bututu da mai haɗin ta ce ta riƙa matsawa a cikin man. Na ɗauki hoton rubutun jikinsa na tura. Nan take ta ce mini clobetasol ne, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don cututtukan fata, ba man kwalliya ba. Ta ce daɗewa ana shafa shi yana sirantar da fata, yana kawo nankarwa da ƙuraje, yana iya shiga jini, kuma wadda ta jima a kansa ta je ta ga likita ya nuna mata yadda za ta rabu da shi, don yankewa farat ɗaya na iya tayar da fatar. Ni da na tsaya a sakandare, ina zan san wannan? Da can zan ce mata zafi ne, in dama mata dilka. Daga ranar na haddace sunayen sinadarai uku da ake sakawa a man bilicin, waɗanda nake nema a jikin kowace kwalba: clobetasol, hydroquinone, mercury. Ashe ba a banza hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Haka malamar waya ta yi mini a kan baƙin lalle. Na sha ganin hannun amarya ya yi ƙuraje masu ruwa bayan ƙunshi, zanen ya tashi ɓaro-ɓaro kamar an ɗora wuta, mu ce jininta ne ba ya so. Ta bayyana mini cewa lalle na gaskiya ja yake kamawa, kuma sai ya ɗauki sa'o'i. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin rabin sa'a yawanci rinin gashi ne a ciki, mai sinadarin da ake kira PPD, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, karo na gaba abin ya fi muni. Na daina baƙin lalle. Na rasa amare aƙalla huɗu saboda haka, sun tafi inda za a yi musu. Ban ji daɗi ba, kuɗi ne.

Maganar kwalli ce ta fi taɓa ni, ita ce kuma ta haɗa ni da Gwaggo har muka kwana biyu ba ma hira. A gidanmu jariri ba ya kwana bakwai ba a ranbaɗa masa kwalli ba. Wata rana ina niƙa dutsen, haka kawai na tambaya. Ta ce yawancin dutsen kwalli mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwanni ma'adinin dalma ne, kuma yaro yana murza ido ya kai hannu baki, gubar ta taru a jikinsa a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jikina ya yi sanyi. Duk ɗan Zamfara ya san mene ne gubar dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano abin har Bagega, saboda dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Muna 'yan mata lokacin, muna ganin motocin likitocin ƙasashen waje suna wucewa. Ban taɓa kawo wa raina cewa dangin wannan gubar na iya zama a cikin tandun kwallin da ke kan madubina ba.

Gwaggo ta ce kwalli sunna ne, wace ce waya da za ta hana. Na ce Gwaggo, ba sunna nake ja da ita ba, dutsen da ake sayar mana nake tambaya, shin shi ne wanda aka ambata ko wani ne mai kama da shi? Na ɗauki hoton dutsen na tura. A nan na yaba wa malamar waya, don ba ta yi ƙarya ba. Ta ce ido ba ya rarrabewa, hoto ma haka, sai an kai ɗakin gwaji. Tunda ba ni da hanyar gwaji, na ɗauke kwalli daga idon yarana. Abin da ya rage tsakanina da Gwaggo, lokaci ya gyara.

To, kada wata ta ji wannan ta ɗauka waliyyiya ce. Akwai tabo a kumatuna na hagu da ita ce sila, ko in ce ni da ita. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, na rubuta mata cewa ina son haɗin lemun tsami da zuma da kurkum don goge baƙin tabo, ta ba ni ma'auni. Ta ba ni kuwa, da fara'arta, har tana yaba zaɓina. Na shafa da safe, na ɗauraye sama-sama, na fita tsohuwar kasuwa sayen kayan turare da rana tsaka. Kwana biyu wurin ya yi ja yana raɗaɗi, daga baya ya koma baƙi fiye da tabon da nake son gogewa. Da na koma na gaya mata, sai ga bayani tiryan-tiryan: ruwan lemun tsami yana da tsami fiye da abin da fata ke ɗauka, kuma in ya haɗu da hasken rana yana ƙona fata ya bar tabo na watanni. Ashe ta sani! Ba ta faɗa ba ne don ban tambaya ba. Wannan shi ne babban aibinta a wurina: tana da son faranta rai. In kika zo mata da ra'ayinki a shirye, sai ta tayar miki da shi ta raka ki. Gwaggo da ta ga ina matsa lemu a fuska da tuni ta buge mini hannu.

Tun daga nan na sauya salon tambaya. Ba na cewa "ba ni haɗin kaza". Cewa nake yi, "mene ne illar kaza, wa bai kamata ya shafa ba, me zai faru in aka shiga rana?" Amsar da ke fitowa daban ce kwata-kwata. Duk sabon haɗi kuma sai na gwada a cikin dantse, na bar shi kwana biyu.

Haɗe-haɗen da take kawowa da kanta ba su cika yi mini amfani ba. Rabin kayan sai a manyan kantunan Abuja, kuma tana magana kamar kowa na zaune a ɗaki mai sanyi. Ba ta san yadda hunturunmu ke tsaga diddige ba sai na faɗa mata. Abu biyu dai na ƙaru da su. Ta gano mini dalilin da man kaɗen da nake haɗawa ke yin fumfuna: ruwan fure da nake zubawa ne, don duk man da ruwa ya shiga, in babu sinadarin adanawa, lalacewa zai yi. Ta kuma ce sabulun salo yana da kaifi, yana kwashe maiƙon fata, shi ya sa masu wanke fuska da shi sau uku a rana cikin hunturu suke yin fari fat kamar an barbaɗa musu toka.

Hoton fata kuwa, ban ba ta amana ba. Wasu fararen ɗigo-ɗigo sun fito mini a wuya, na tura, ta lissafo cututtuka uku har da wadda ta hana ni barci. Likita ya duba bai yi minti biyu ba ya ce ƙyasfi ne, ya rubuta magani, mako uku ya wuce. Ban taɓa tura hoton jikin wata mai zuwa gyara ba, ba kuma zan yi ba. Ban san inda hoton ke kwana ba, jikin mace kuwa amana ne.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa a fili ba. Mu nan an san mu da kayan mata, kuma akwai tambayoyin da mace ba za ta iya buɗe baki ta yi wa likita namiji ba. Waya ba ta kallon idonki, ba ta kai labari gidan suna. Na tambaye ta a kan matsi da tsarki da ruwan bagaruwa da kanumfari. A nan ba ta bi son raina ba ko kaɗan. Ta ce wurin yana da nasa tsarin tsaftace kansa, cusa abubuwa yana kashe ƙwayoyin da ke kare shi, ya buɗe ƙofa ga cuta. Ta ce abin da muke tarawa mu kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne, kowanne da maganinsa, sai an yi gwaji, wani ma sai an haɗa da maigida a magani. Mata uku na tura asibiti da wannan maganar. Biyu sun je. Ɗayar ta ce in ba ni da haɗin in faɗa mata gaskiya, ta san inda za ta samu.

In za a ce in ba ta maki, a karatun kwalba da bayanin sinadarai zan ba ta tara cikin goma. A haɗin gargajiya uku ma da ƙyar. Har yau dilkata ta Gwaggo ce, ba a taɓa ma'auninta ba, kuma babu ranar da zan bar waya ta gaya mini yadda ake dafa halawa, abin da sai yatsa ya taɓa ake sanin ya nuna.

Makon jiya wata jikar Gwaggo ta kawo mata man ciwon gwiwa daga Kano, rubutun jikinsa duk Turanci. Ta juya kwalbar, ta sake juyawa, sannan ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. "Ungo, tambayi malamar taki mi aka sa ciki." Idonta ranbaɗau da kwalli.