Gyaran da aka yi wa kwamfutar shagonmu a Tudun Hatsi, bayan wata takwas

Ni ke riƙe da lissafin shagon yayana a Tudun Hatsi, nan Gombe, inda muke sarin masara da wake. Shekara uku ke nan da muka ajiye littafin bashi muka koma manhaja. Bara da kaka wani abokin cinikinmu daga Kumo ya zo biyan bashi, kwamfuta ta nuna buhu 14, alhali a gabana aka loda masa 40. Yara uku ke taɓa kwamfutar, kowa ya rantse ba shi ba ne. Wanda ya sayar mana da manhajar ya duba, ya ce tarihin ranar ya riga ya goge.

A haka aka haɗa ni da wani matashi a Jekadafari mai aikin rumbun bayanai. Abin da ya fara burge ni, sai da ya fahimtar da ni kafin ya ambaci kuɗi. Manhajarmu a kan PostgreSQL take, wato tsarin rumbun da ke adana bayananmu. Duk canjin da aka yi, kafin ya shiga ainihin rumbun, sai an rubuta shi a wani kundi da ake kira WAL, fayil-fayil, kowanne megabayit 16. Duk bayan kamar minti biyar na'urar kan yada zango, ta tabbatar komai ya zauna a mazauninsa, daga nan tsofaffin fayilolin sun gama aiki, sai ta sake rubutu a kansu. Ya ce mini, "Malam, kamar allon almajiri ne, in ya haddace sai a wanke." Kuma ko da ba a wanke ba, kundin ba ya faɗin sunan wanda ya yi canjin.

To, ya kunna tsarin da ke kwafe kowane fayil kafin a wanke shi, ya tura zuwa Amazon S3, ma'ajiyar kamfanin Amazon da ke intanet, inda ya sa makullin da ke hana gogewa har shekara guda, ko da mai asusun ne da kansa. Ya buɗe wani shafi daban mai rubuta wa ya canza, ƙarfe nawa, me ke nan da, me ya koma. Nan ne asirina ya tonu, domin kalmar sirri ɗaya duk muke amfani da ita, sunan shagon ma. Yanzu kowa da tasa. Kullum bayan isha'i na'urar na rufe lissafin ranar, ta buga masa hatimin SHA-256, wato wata doguwar lamba da ake fitarwa daga abin da lissafin ya ƙunsa, ta turo mini a waya. In aka taɓa ko lamba ɗaya ta jiya, hatimin ba zai dace ba. A gabana ya maido da lissafin yadda yake ƙarfe 11:20 na wata safiyar Talata, na gwada da rasit ɗin hannuna, ya yi daidai.

Amma ina da ƙorafi. Ya saita na'urar ta rufe fayil duk minti biyar, kuma ko bai cika ba girmansa na nan megabayit 16, abin da ya sa data ke ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Da damina intanet ɗinmu ya yanke kwana tara. Ashe PostgreSQL ba ya wanke fayil ɗin da bai samu turawa ba, tara su yake yi. Suka cika faifan tsohuwar kwamfutarmu, rumbun ya tsaya cak da safe, motoci biyu na jiran lodi. Matashin bai taɓa gargaɗina a kan wannan ba, kuma sai bayan azahar ya iso. Ya dai amsa laifinsa, ya sa ƙararrawar da ke sanar da ni in wuri ya kusa cika, bai karɓi ko sisi ba. Kuɗin aikin farko kuwa bai kai na buhun wake biyu ba, ban ga tsadarsa ba.

Wanda gyaran ya fi ƙona wa rai Yaya ne. Kwanaki ya so ya share bashin surukinsa a ɓoye, ya ce in goge layin. Na ce, "Yaya, sai dai a rubuta an yafe, da sunanka a kai." Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya ce in bar shi tukuna.